Ruwan Fukushima: Lissafin Masana da Alkawarin da Aka Yi wa Masunta



Ranar 24 ga Agusta 2023 kamfanin TEPCO ya fara tura ruwan tasharsa ta nukiliya ta Fukushima da ke Japan cikin Tekun Fasifik, ta wani bututu mai tsawon kilomita ɗaya a ƙarƙashin teku. Kafin rana ta faɗi, ƙasar Sin ta haramta shigo da kifi da duk wani abincin teku daga Japan.

Asalin ruwan shi ne girgizar ƙasa da igiyar tsunami ta 11 ga Maris 2011, wadda ta sa makamashin injuna uku ya narke. Tun daga lokacin ake kwarara masa ruwa don ya huce, ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa suna ƙaruwa a kai, har aka cika tankuna fiye da 1,000 da ruwan da ya haura tan miliyan 1.3.

Hujjar gwamnatin Japan tana da ƙarfi. Na'urar tacewa mai suna ALPS tana cire nau'o'in burbushin nukiliya 62. Tiritiyam ne ya gagare ta, domin ɗan'uwan haidirojin ne, ya riga ya shiga jikin ruwan kansa. Saboda haka ake sirka shi da ruwan teku har ya sauka ƙasa da bekerel (ma'aunin ƙarfin burbushin nukiliya) 1,500 a kowace lita, alhali ma'aunin ruwan sha na Hukumar Lafiya ta Duniya 10,000 ne. A Yulin 2023 Rafael Grossi, shugaban hukumar nukiliya ta duniya IAEA, ya miƙa rahoton da ya ce illar shirin ga mutane da muhalli ba ta taka kara ta karya ba.

To me ya sa masuntan Fukushima ba su gamsu ba? A 2015 gwamnati da TEPCO sun yi musu alkawari a rubuce cewa ba za a zubar da ruwan ba sai da fahimtar waɗanda abin ya shafa. A 2018 kuma ta fito fili cewa galibin ruwan da ake kira tatacce yana ɗauke da wasu burbushi fiye da ƙa'ida, sai an sake tace shi. A Afrilun 2021 aka yanke hukuncin zubarwa, ƙungiyoyin masunta na cewa ba su yarda ba. Mutanen da suka kwashe shekara goma suna lallashin kasuwa ta sake sayen kifinsu, tsoronsu kada sunan Fukushima ya sake korar masu saye.

Mazauna tsibiran Fasifik ma suna da nasu tabon. Amurka ta yi gwajin bama-baman nukiliya 67 a Tsibiran Marshal daga 1946 zuwa 1958, Faransa ta yi nata a Folinesiya har 1996. Zuriyar waɗanda suka sha wannan azaba ba za a zarge ta ba idan ta nemi ganin alƙaluman ruwan Fukushima da idonta.

Abin da ya fara sassauta rikicin Japan da Sin kuwa shi ne buɗe ƙofa. A Satumbar 2024 Japan ta amince masanan Sin su ɗebi samfurin ruwa da kansu ƙarƙashin kulawar IAEA. Wannan dama ta cancanci masunta da ƙananan tsibirai su ma, domin zubarwar za ta ɗauki kimanin shekara 30, kuma kusan tan 880 na narkakken makamashi na nan cikin injunan, ana ci gaba da zuba masa ruwa kullum.