GWANJON KAYAN ADO TA INTANET: ZINARE BA ATAMFA BA NE

Wannan jawabi ne da aka gabatar a wani zama na ƙara wa juna sani da 'yan uwa masu ƙananan sana'o'i. Mun kawo maku shi saboda yawan tambayoyin da ake yi a kan batun. A sha karatu lafiya.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (S) da Alayensa da Sahabbansa. 

Abin da aka nemi mu tattauna a kai shi ne sayar da kayan ado, irin su sarƙa da 'yan kunne da zobe da awarwaro, ta hanyar gwanjo a intanet. Wato mai ƙaramin jari ya ɗauki hoton kayansa ya sa a dandali, ya ɗibi wa'adi na 'yan kwanaki, mutane su yi ta tayi, wanda ya fi kowa tayi a ƙarshen wa'adin shi aka sallama wa. Kamfanin da ya fi shahara da wannan shi ne eBay na Amurka, wanda Pierre Omidyar ya kafa a 1995. A wajenmu kuma mata da yawa suna yin irinsa a Instagram da WhatsApp.

To, da farko dai, shi gwanjo ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (S) da kansa ya yi gwanjon wani shimfiɗi da ƙoƙo, wani ya taya dirhami ɗaya, ya nemi mai ƙari, wani ya ba da biyu, ya sallama masa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma ta tabbatar da halaccinsa a zamanta na Burunai a 1993. Saboda haka ba a gwanjon matsalar take ba. Matsalar tana wurare uku.

Na farko, bayanin kaya. A kasuwa mai saye zai ɗauki sarƙa ya jujjuya, a ɗora masa a sikeli, a goga a dutse a ɗiga ruwan gwaji. A intanet ba shi da ko ɗaya. Hoto kawai yake gani, sai abin da ka rubuta. Ka ga ke nan bakinka ya zama sikelinsa. Don haka wajibi ne ka faɗi nauyi da giram, ka faɗi karat. Tsantsar zinare karat 24 ne. Mai karat 22 hatiminsa 916, mai 21 hatiminsa 875, mai 18 kuwa 750, wato kashi uku cikin huɗu ne kawai zinare. Azurfa mai kyau 925 ake buga mata. In wankin ruwan gwal ne, ka rubuta haka ɓaro-ɓaro. In an taɓa yi wa sarƙar walda, ko dutse ɗaya ya fita an sauya, ka faɗa. Kada ki ce ai ba a tambaye ki ba, 'yar uwa. Ɓoye aibi algus ne.

Kuma ku sani jabu ya daɗe da ɓata wannan kasuwa. A 2004 kamfanin kayan ado na Tiffany ya kai eBay ƙara a Amurka saboda jabun da ake sayarwa da sunansa, kodayake a 2008 kotu ta ba eBay gaskiya. Shi ya sa mai saye da zargi yake zuwa maka. Abin da zai kwantar masa da hankali shi ne shaidar da waɗanda suka saya a baya suka rubuta a kanka. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da jarin da ya wuce wannan.

Na biyu, tayin ƙarya. Mutum ya sa zobe a gwanjo, ya ga tayi bai tashi ba, sai ya sa ƙaninsa ko ƙawarsa su riƙa tayawa, ko ya buɗe wani suna ya taya kayan kansa, don a zuga mai saye na gaskiya. Wannan shi ne najashu, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito haninsa daga Ibn Umar. Su kansu masu eBay sun haramta shi a dokarsu, mu kuwa tun ƙarni goma sha huɗu aka hana mu. In kana tsoron faɗuwa, akwai hanyar halas: ka fara gwanjon daga farashin da za ka iya sallamawa. Kafin nan ka duba kuɗin giram na ranar, ka haɗa la'adar da dandali zai yanka da kuɗin aikawa. Da yawa sai bayan an cire waɗannan suke gane uwar kuɗi suka ci.

Na uku, kuma shi ne mai nauyi, zinare da azurfa ba kamar atamfa ba ne. Hadisin Ubada ɗan Samit a Sahih Muslim ya shar'anta hannu da hannu a cinikinsu, kuma malaman zamani sun ɗora kuɗin takarda a kan wannan hukunci. Majalisar Fiƙihun nan, a zamanta na Jidda a 1990, ta yarda a ƙulla ciniki ta na'urorin sadarwa, amma ta cire canji, saboda sharaɗin karɓa a take. To, ya ke nan in an biya yau, sarƙa ta isa bayan mako? Mafi yawan malamai sun ce wannan jinkiri bai halatta ba. Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim suna ganin zinaren da aka ƙera ya zama haja, ya fita daga hukuncin kuɗi. Mafitar da ta fi kwanciyar rai ita ce mai saye ya wakilta wani a garinku, kuɗi na shiga, wakili na karɓar kaya. Amma murjani da tsakiya da kayan tagulla, babu wannan sharaɗi a kansu, ka aika abinka.

Akwai kuma musaya, wadda mata suka saba da ita. Fadala ɗan Ubaidu ya sayi abin wuya ranar Haibara a kan dinare 12, da ya rarrabe shi sai ya iske zinaren ciki ya haura 12. Manzon Allah (S) ya hana sayar da irinsa sai an rarrabe. Don haka in za a ba ka tsohuwar sarƙa a karɓi sabuwa, ka sayi tsohuwar ka biya, sannan a yi cinikin sabuwar daban.

'Yan uwa, wanda ke Landan ko Dubai da ya taya kayanka bai san fuskarka ba, amma Wanda ya umurce mu da cika mudu da sikeli Yana ganinka a ɗakinka da wayarka a hannu. Allah Ya ba mu halas mai albarka, Ya tsare mu daga cin dukiyar mutane da ɓarna.