Littafin Gidan Yari, da Yadda A Ke Neman Wanda Aka Tsare

 Abin da za a yi magana a kansa yau a nan Kumbotso ƙarami ne ga ido, amma babba ne ga wanda ya shafa, watau littafin da a ke rubuta sunan mutum ran da aka rufe shi.

Sa'ad da Turawa suka ci Kano cikin watan Fabrairu na 1903, Gwamna Lugga ya shiga kurkukun birni ya duba da kansa. Ya ba da labari cewa ɗaki biyu ne, kowane tsawonsa ƙafa 17, faɗinsa ƙafa 7, ba taga, sai wata 'yar ƙofa wadda ba a shiga sai da rarrafe, kuma mutum 135 a ke rufewa ciki kowane dare. Ko da ya ke wanda ya ci ƙasa da yaƙi ba ya rasa aibin da zai faɗa a kan wanda ya ci, labarin ya isa ya nuna yadda mutum kan ɓace a wuri irin wannan in ba mai lissafinsa.

A zamanin Sarkin Kano Abbas, daga 1903 zuwa 1919, rubutun shari'a ya kankama. Malamai suna rubuta hukuncin majalisar Sarki da Larabci, har wani Bature mai suna Allan Christelow ya juya waɗansu na 1913 da 1914 zuwa Turanci, aka buga a 1994. A zamanin ne kuma aka gina gidan yari na Kurmawa. Tsarin da aka bi shi ne, alkali ya yanke hukunci, malamin kotu ya rubuta waranti, dogari ko ɗan doka ya kai mutum, a karɓe shi, a rubuta sunansa da garinsu da laifinsa da ranar shigarsa da ranar da zai fita. Di'o kan zo ya duba littattafan, ya gwada su da na kotu.

Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Littafin nan na hukuma ne, talaka ba ya ganinsa. Mai neman ɗan'uwansa sai ya bi ta hannun mai unguwa, zuwa dagaci, zuwa hakimi. Bayan an kafa jam'iyyar NEPU a 1950, kuka ya yi yawa cewa a na ɗaure mutane don siyasa. Ran 1 ga Afrilu 1968 Gwamnatin Tarayya ta karɓi gidajen yari daga hannun En'e, kotunan alkalai kuma suka koma ƙarƙashin jiha. Mai neman tsohon rubutu na wancan zamani sai ya nufi Gidan Ajiyar Takardu na Ƙasa a Kaduna, ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Ya kamata ya tafi da sanin shekara da sunan kotu da gunduma, in ba haka ba zai sha wahalar banza.

To, ga yadda abin ya ke yanzu. Tun da aka gama dam na Tiga a 1974, ruwa ya sauko Kadawa da Kura da Bunkure, mutane suka duƙufa noman rani. Inda ruwa ya ke da daraja kuwa, ba a rasa gardama a bakin kwata. A ce manomi biyu sun yi faɗa a kan wanda zai fara ban ruwa, aka kama ɗaya. In danginsa suka yi mako biyu ba su san inda ya ke ba, tumatir ya ƙone, alkama ta bushe, bashin taki kuwa yana nan. Hukuncin da alkali bai yanke ba, rashin labari ya yanke shi.

Mafarin nema shi ne ofishin 'yan sanda inda aka fara kai shi. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamunsa a rubuce, cikin awa 24, da harshen da ya ke ji. Ya ce kuma a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, watau mil 25. Dokar tafiyar da shari'ar laifi ta Tarayya ta 2015 ta ƙara da cewa a rubuta sunansa da laifin da a ke tuhumarsa da ranar kamu, a sanar da danginsa ba tare da an karɓi ko kwabo ba, kada kuma a kama wani a madadin wani. Jihar Kano ta yi tata dokar a 2019.

Na biyu shi ne ofishin rajistara na kotu. Nan a ke samun lambar ƙara, da ranar da za a koma zama, da ko an ba da beli. Lambar nan ita ce mabuɗi, wanda ya riƙe ta ya huta. Na uku shi ne gidan yarin da waranti ya ambata, ko Goron Dutse ne ko wani, wanda tun 2019 doka ke kira gidan gyaran hali. A can ba a karɓar kowa sai da takardar kotu, saboda haka duk wanda ke ciki yana da suna a littafi. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya zuwa Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976.

Saura tambaya guda, shin kowa na da ikon ganin littafin? A Amurka gundumomi da yawa kan baza sunayen waɗanda aka kama a intanet, har da hotonsu, kowa ya gani. Amfanin haka shi ne ba mai ɓacewa. Illarsa kuwa, mutum ya fita ba laifi, amma sunansa ya riga ya ɓaci. A Nijeriya dokar 'yancin samun bayani ta 2011 ta ba kowa ikon rubuta wa hukuma takarda, a ba shi amsa cikin kwana 7, amma ta yarda a tsare asirin mutum da abin da zai ɓata bincike. Watau a faɗa wa dangi da lauya inda mutum ya ke, jama'a su san yawan tsararru da daɗewarsu, amma kada a yi tallar mutuncin wanda ba a tabbatar wa laifi ba. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, gama wajen kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a su ke yi.

Saboda haka malamin da ya rubuta suna daidai da kwanan wata daidai, ya kuma amsa wa tsohuwa tambayarta ba da tsawa ba, ya yi aikin adalci kamar wanda ke kan buzu. Allah ya jiƙan ma'aikatan da suka rasu, ya ba na raye ikon riƙon amana, amin.