Jawabin da aka yi a taron ƙungiya: Ina ma'anar "jama'a" a cikin aikin taimakon jama'a?



Mutane da yawa a nan Dawce suna zaton aikin taimakon jama'a shi ne rabon hatsi da rubuta suna a takarda. To, kalmar da ta fi nauyi cikin sunan ita ce "jama'a". Nufinta, in mutum ya shiga wahala, sai a dubi gidansu, da gonarsu, da waɗanda yake bi bashi, da masu binsa.

Ku tuna watan Oktoba na 2013. Mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a hamada bayan Arlit, kan hanyar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu daga ƙasarmu ta Kance. Ma'aikacin da ya dubi matar ita kaɗai, cewa zai yi kwaɗayi ya kai ta bara, a hana ta. Wanda ya san aikinsa kuwa tambaya zai yi. Gandu ya rabu tsakanin magada, gamanarta ba ta cika rumbu. Maigida yana Najeriya, darajar naira ta faɗi. Ga bashin biki a kanta, ga maƙwabciya ta dawo da kayan ɗakin ɗiyarta. Yaya za ta zauna? Daga Disamba 2014 aka fara maido mutanenmu cikin manyan motoci, amma waɗansu suka sake komawa, domin abin da ya kore su yana nan inda suka bar shi.

Dattawa sun ga yunwar 1984, wadda aka laƙaba wa suna El Buhari saboda rufe iyaka. Sun san amfanin dangi da aron hatsi a shekarar nan. Haka kuma shirin tallafi da gwamnati ta soma a 2011 da kuɗin Bankin Duniya, jika goma a wata har shekara biyu: mata da yawa adashi suka zuba da su. A ganina wannan dabarar tasu ta fi kuɗin kansu daraja.

Roƙona gare ku, iyayenmu: ran da ma'aikaci ya zo, kada a gama rubuta sunaye a zaure tsakanin maza. A kira gwauraye mata da waɗanda aka maido daga Aljeriya, su faɗi da bakinsu. Ku kuma ƴan ci-rani, ma'aji yana nan bayan la'asar don karɓar kuɗin asusun hatsi.