Sabon Kanel a Tsohuwar Kwamfuta: Abin da Mai Gyara a Mandera Ya Kamata Ya Duba

Tun da Microsoft ya janye tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kwamfutocin gwanjo da Windows 11 ba ta karɓa sun samu mafita a Ubuntu da Linux Mint. Wannan takarda ta dubi abin da kan biyo baya a garuruwa irin Mandera, a yankin Boɗinga da Shagari, inda ƙwararren mai gyara sai an je Sakkwato.

Kanel shi ne zuciyar manhajar Linux, shi ke haɗa ta da kayan cikin kwamfuta. Linus Torvalds ya fara shi a 1991, kuma sabo yana fitowa kusan duk mako tara ko goma. Mutum ya sabunta da daddare, da safe ya tarar Wi-Fi ya ɓace ko allo ya yi baƙi ƙirin. Nan take sai ya ce katin Wi-Fi ko na allon ya ƙone.

Galibi bai ƙone ba. Direbobi, wato manhajojin da ke tafiyar da kayan, waɗanda ke cikin kanel tare suke tafiya da shi. Na waje kuwa, irin na katin Broadcom da ke cikin tsofaffin Dell da HP, ko na Nvidia, dole manhajar DKMS ta sake gina su duk lokacin da aka sauya kanel. Ginin ya gaza, kayan sun yi shiru. Nvidia ya daina kula da direbansa na 390 a ƙarshen 2022, don haka mai irin wannan kati zai fi samun kwanciyar hankali da direban Nouveau. Wani lokacin ma ginin ya yi daidai, Secure Boot ne ya hana direban hawa saboda ba shi da sa hannu.

Matakin farko bai cin ko kwabo. A riƙe maɓallin Shift (ko a danna Esc) yayin kunnawa, jerin GRUB zai fito, a zaɓi tsohon kanel. In Wi-Fi ya dawo, katin lafiya lau yake. Daga nan umarnin lspci -k zai nuna direban da kowane kaya ke aiki da shi, dkms status ya nuna wanda bai ginu ba, dmesg kuma ya faɗi dalili.

A karkara akwai ƙarin wahala. Intanet ɗin da za a sauko da gyara ta Wi-Fi ɗin da ya mutu yake shigowa, sai dai a jona waya da kebul a ari datarta. Ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa, ga batir ya daɗe da mutuwa, ya fi komai ɓarna. Umarnin sudo dpkg --configure -a kan ƙarasa aikin da ya katse.

Kanel ma yakan yi laifi. A Oktoban 2022 an gargaɗi masu laftof na Intel cewa kanel 5.19.12 na iya lalata allo, aka yi maza aka fitar da 5.19.13. Shagon buga takardu ba shi da dalilin rige-rigen sabon kanel: ya tsaya kan sigar Ubuntu mai tallafin shekara biyar, kuma kada ya goge tsohon kanel sai ya gwada firinta da Wi-Fi.