Mai Shayarwa, Azumi da Sikelin Awon Jinjiri

 

Wani bawan Allah ya aiko mana da tambaya. Ya ce maiɗakinsa tana goyon jinjiri ɗan wata uku, ta ɗauki azumi cikin wannan zafi, shi kuwa ya rasa abin da zai ce mata: ta ci gaba ko ta aje?

Hukuncin a sarari yake a mazhabarmu ta Imamu Malik, kuma duk wanda ya karanta Risala ya gamu da shi. Mai shayarwa idan ta ji tsoron ɗanta zai cutu, ba ta samu wadda za ta shayar mata da shi ba, ko kuwa yaron ya ƙi nonon wata, to ta sha azumi, ta rama daga baya, ta kuma ciyar da miskini mudun Annabi guda a kan kowace rana. Ku lura, hukuncin ya rataya ne ga tsoro. To, da me za a gane tsoron gaskiya daga waswasi? Wata tana azumi wata guda cur, ɗanta bai rasa kome ba. Wata kuwa kwana biyar ya isa a ga canji. Ido yana ruɗi, musamman idon wanda yake ganin yaro kullum. Abin da ba ya ruɗi shi ne sikeli.

Ni ba likita ba ne, allo da littattafai kaɗai na sani. Saboda haka na zauna da masu aikin awon yara na tambaye su, ga abin da na riƙe. Jinjiri yakan zo duniya da nauyin wajen kilo 3. Wanda bai kai kilo 2 da rabi ba yana buƙatar kulawa ta musamman. A kwanakin farko nauyinsa yakan ɗan ragu, wannan ba abin firgita ba ne, kafin sati 2 ya kamata ya koma yadda aka haife shi. Daga nan, cikin wata ukun farko, yakan ƙara giram 150 zuwa 200 a kowane sati. Wajen wata 5 ko 6 ya ninka nauyin haihuwarsa, a shekara guda ya ninka shi wajen sau uku. Ba a gwada shi da ɗan maƙwabta, kowane yaro da ƙirarsa. Ana gwada shi da kansa ne: awon wannan wata da na watan jiya, a cikin takardar nan da muke ce wa karne. In layin yana hawa, alhamdu lillahi. In ya tsaya ko ya sunkuya, kada a jira wata mai zuwa.

Tsakanin awo da awo kuma akwai shaidu a cikin ɗaki. Yaron da ke ƙoshi yakan sha nono sau 8 ko fiye a yini da dare, ya yi fitsari mai haske sau 6 ko fiye, ya saki nono da kansa. Amma in fitsari ya yi ƙaranci ya yi duhu, baki ya bushe, maɗiga ta faɗa, yaro ya yi laushi har ya kasa tsotso, wannan ba ta shafe-shafe a ka ba ce. A kai shi likita a ranar, uwa kuma ta sha ruwa, ba ta da zunubi.

Iyayenmu mata, ku yi mini haƙuri, zan taɓa ku kaɗan. Na san tausayi ne yake sa ku ce a ɗura wa jinjiri ruwa ko bauri saboda zafin rana. Amma mafi yawan nonon uwa ruwa ne, kuma ya ishe shi har wata 6. Cikinsa ƙarami ne. Abin da ruwa ya cika, nono ya rasa wurinsa, tsotso ya ragu, nonon ma ya ja baya, ga zawo yana jira. Mai jin ƙishirwa a ƙara masa nono, ruwan kuma a miƙa wa uwarsa. Mu da muka ga shekarar 2005 a Maradi, muka ga yadda tamowa ta cika gidajen likita da ƙananan yara, bai kamata a sake yi mana dogon bayani ba.

Sauran ku magidanta. Mutum ya san kuɗin tiyar hatsi a kasuwar jiya, in zai sayi ragon Layya sai ya lalubi gadon bayansa ya ji tsoka, amma a tambaye shi kilo nawa ɗansa ya yi a awon da ya wuce, sai ya ce wannan sha'anin mata ne. Ayar da ta ambaci shayarwa ta shekara biyu, aya ta 233 a Suratul Baƙara, ita ce kuma ta ɗora wa uba ci da tufafin mai shayarwa. Kada ka sha ruwa a majalisa da nama da ƙanƙara, ita ka bar ta da ƙanzo. Hura da nono, wake, zogale, ɗan nama ko ƙwai gwargwadon hali, da ruwa isasshe daga buɗa baki zuwa sahur, haƙƙinta ne. Ranar awo ka ba ta izini da kuɗin hanya, in ta dawo ka karɓi karnen ka duba, in ba ka iya karatunsa ba ka sa a karanta maka.

Kai kuma mai tambaya, amsarka ita ce: ku kai yaron awo cikin wannan sati, ku sake kai shi bayan sati guda ko biyu. In nauyi yana hawa, uwa kuma tana da ƙarfi, ta ci gaba da azuminta. In ya tsaya, ta aje, ka auna mudun ciyarwa ka fitar, ta rama idan Allah ya kawo sauƙi.

Gobe in Allah ya kai mu za mu ɗauki tambayar mai juna biyu, domin hukuncinta ya ɗan bambanta da wannan. Allah ya raya mana zuriya.