Kiɗan da Ya Zo Ba Suna a Cikin Memori



An ce in yi magana kan yadda ake gano sabon kiɗan na'ura, irin wanda rediyo bai sani ba, kuma babu kamfanin da ya tsaya masa. Wani zai ɗauka sai an je Landan. Ni kuwa a nan Haɗeja na fara cin karo da shi, a rumfar mai tura waƙa. Ka miƙa masa memori, ka ce, "Zuba mini sababbi." Shi ke nan ka ba shi wuƙa da nama. Abin da ya zaɓa shi zai shiga wayar ɗan acaɓa, ya bi ta bulutut ko Xender zuwa wurin masu yankan shinkafa a fadamar Auyo, ya kai ga masunta a Guri. Kafin ya isa Nguru an sauya masa suna sau uku, ko ma ya koma lamba zalla. Yanzu WhatsApp da TikTok sun shigo, amma ɗabi'ar tana nan: daga hannu zuwa hannu.

Kada a ɗauka baƙon abu ne. Tun shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano, yana kwaikwayon kalangu da sarewa, kuma duk wanda ya ji kiɗan fim ɗin Sangaya na 1999 ya san inda aka dosa. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan wannan. Yau yaro ɗaya da tsohuwar kwamfuta da manhajar FL Studio ya isa situdiyo, in dai akwai wuta ko man janareto.

Bari in tsallaka Nijar, don can darasin ya fi fitowa fili. A 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset a Yamai da wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya. Shekara da shekaru gidan rediyo da talabijin na ƙasar suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye; kowa ya haddace sautin. Sai wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci kaset ɗin a ma'ajiyar gidan tarihi na Yamai, ya sake fitar da shi a 2013. Shi ne kuma a 2011 ya fitar da Music from Saharan Cellphones, waƙoƙin da ya kwasa daga wayoyin mutane a arewacin Mali, sannan ya sha faman cigiyar mawaƙan don ya biya su haƙƙinsu. Namu ma bai bari ba: ya tattara waƙoƙin fina-finan Hausa a faifan Harafin So.

Ba na jin haushinsa, ya yi abin kirki. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kaset ɗin Mamman Sani ya iya jiran shekara 35 ne kawai saboda akwai wanda ya ajiye shi a kan kanta. Memori fa? A goge a zuba sabo, ko ya ƙone, ko ruwa ya ci. Ku da kuka ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ba sai na yi muku bayani ba.

Ni ma ta 2022 ta cinye mini waya. A ciki akwai wani kiɗa da na ji wani dije ya sa a biki: fiyano da sautin kalangu a guje, babu murya ko ɗaya, kuma har yau ban ji irinsa ba. Na bi masu tura waƙa uku ina rera musu da baki, suna mini dariya. Na farko ya ce bai san shi ba. Na biyu ya ce ya goge. Na uku ya gane shi nan take, ya ce wani direban motar kifi ne ya kawo masa daga wajen Nguru, kuma ya kwana biyu bai gan shi a tasha ba.