Ranar da Baba ya ce "mun ɓata maka shadda"

Yau ba baƙo, ni kaɗai ne, kuma zan fara da labarin da ban taɓa ba wa kowa ba sai matata.

Bayan na gama sakandare na yi zaman jiran admishan na shekara biyu. Mahaifiyata ta ga zaman majalisa ya fara yi min daɗi, sai ta kai ni shagon wani tela a unguwarmu, dattijo, kowa Baba yake ce masa. Ni a lokacin raina abin na yi. Kekensa irin na ƙafa ne, shagon ko fanka babu, rediyonsa kuma sai an ɗan buge ta take magana.

Saura kwana uku ƙaramar sallah, an ɗauke wuta, muna guga da dutsen gawayi. Baba ya fita sallar la'asar ya bar min wata farar shadda mai tsada, kaftani, an gama komai har aikin wuya. Ina guga ina hira da abokina da ya leƙo, sai garwashi ya faɗo a gaban rigar. Kafin in kaɗe shi ya huda ta. Ramin bai fi kan ɗan yatsa ba, amma a ƙirji yake, inda ido ke fara sauka.

Wallahi kafin Baba ya dawo na gama tsara dabara. Na ce, "Baba, a faɗaɗa aikin wuyan ya sauko ya rufe wurin, mai rigar ba zai taɓa ganewa ba." Kuma gaskiya ba zai gane ba ɗin. Baba ya ɗaga rigar ya duba ta a haske, ya daɗe yana kallo. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Ɗauko takalminka."

Muka je gidan mai rigar. Mutumin nan a haife Baba ya haife shi. Muka yi sallama ya fito, Baba ya buɗe leda ya nuna masa ramin, ya ce, "Alhaji, mun ɓata maka shadda. Gobe zan shiga Kantin Kwari in nemo irinta, kafin daren sallah za ka samu rigarka in Allah ya yarda. Ka yi haƙuri."

Mun ɓata. Ni ina tsaye a bayansa, ina jiran ya nuna ni ya ce ga yaron da ya yi. Bai waiwayo ba ma. Ya sayo shaddar da kuɗinsa, muka kwana biyu a shago, aka kai riga. A shekarar nan da tsohuwar rigarsa ya je idi, na gani da idona. Har na bar shagon bai sake tayar da maganar ba, ko da wasa.

To, ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Abin da ya sa na kawo labarin shi ne saƙonnin da nake samu daga samari, ana tambayata wa ya kamata mutum ya ɗauka abin koyi. Da na tambayi wasu su wa suke kallo, sai aka jero min sunaye: ɗan ƙwallo, mawaƙi, wani mai kirifto, wani da ke bidiyo a cikin mota yana ba da shawarar yadda ake zama namiji. Ban ce duk mutanen banza ba ne, a'a. Matsalata da su ɗaya ce. Ba ka taɓa ganinsu ranar da abu ya lalace musu ba. Abin da suka zaɓa shi suke nuna maka. Ba ka san yadda yake yi wa wanda ke bin sa bashi magana ba, ba ka san fuskar da yake shiga gida da ita ranar da ya yi asara ba. Alhali rayuwar namiji, in ka cire 'yan ranakun biki, yawancinta irin waɗannan ranaku ne: kuɗin haya ya zo, yaro ba lafiya, ka yi kuskure a wurin aiki kuma akwai wanda za ka iya ɗora wa. A nan ake buƙatar wanda ka taɓa gani ya shiga irin wannan ya fita da mutuncinsa.

Da can ba sai an nemi wannan ba, tsarin zama ne yake kawo shi. Gida yana da zaure. A nan maigida ke karɓar baƙi, a nan ake cin tuwon dare, a nan ake sasanta rigimar gona da ta aure. Yaro yana gefe, an aike shi ya kawo ruwa, amma kunnensa na nan. Yana ganin yadda ake ba mai gaskiya gaskiyarsa ko da talaka ne, yana ganin yadda babba ke haɗiye fushi. A ƙauye akwai gandu, 'ya'ya maza suna noma tare da uba, a ba kowa gayaunarsa ya gwada kansa. A kasuwa akwai yaron shago da maigidansa, shekaru ana tare kafin a sallame shi da jari. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, yaro a bayan madugu yake koyon hanya da ciniki da yadda ake magana da baƙin mutane. Ba wanda ya kira wannan darasi, amma Hausawa sun san abin da suke faɗa da suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Yanzu fa? Sabon gini get ne da katanga, zaure ya zama shago ana haya. Uba ya fita tun asuba, ya dawo yara sun yi barci ko kowa na kan waya. Majalisa kuma kowa da sa'anninsa: 'yan shekara 20 a bakin mai shayi, dattawa a ƙofar masallaci, tsakaninsu taku talatin amma sai a shekara ba abin da ya haɗa su sai "ina wuni Baba", "lafiya lau". Ɗan shekara 19 yana neman shawarar aure a wurin ɗan shekara 21. Ku gaya min, me zai ce masa?

Akwai misalin da nake so, saboda mun saba ɗaukar manyan mutane kamar daga sama suka faɗo. Malam Aminu Kano, an haife shi a 1920. Yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauchi. A can ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, mutum mai ilimin addini da na boko, mai faɗin gaskiya a gaban Turawa da sarakuna ba tare da muryarsa ta yi rawa ba. Duk wanda ya bibiyi tarihin Malam Aminu zai gaya maka zaman Bauchi ya yi tasiri a kan mutumin da ya zama daga baya, har zuwa NEPU da aka kafa a 1950. Kuma ku lura, tazarar shekarunsu ba ta wuce biyar ko shida ba. Wato babban da zai gyara maka hanya ba lallai sai mai furfura ba, yayanka ma ya isa, in dai ya riga ka sanin abin da ya kamata.

Shi kuma Malam Aminu da ya rasu a 1983, bayan ya yi minista, ya yi takarar shugaban ƙasa, je ka ga gidan da ya zauna. Gidan Mambayya a Gwammaja, yana nan, yanzu yana hannun Jami'ar Bayero. Ina roƙon duk saurayin da ke Kano ya ware rana ɗaya ya je ya ga ɗakinsa. Mutanen da suka zauna da shi har yau in suna ba da labarinsa, ba jawabansa suka fi kawowa ba, yadda yake zama da talaka a tabarma ɗaya suke faɗa.

Ko Aliko Dangote da ake ta yaɗa hotonsa ana rubuta "wata rana sai mu", mahaifinsa ya rasu yana yaro, a hannun kakansa Alhaji Sanusi Dantata ya tashi, ɗan Alhassan Dantata. Gidan da aka yi shekaru ana ciniki a gaban yara. Ba wanda ke sa hoton wannan ɓangaren.

Yanzu bari in juyo kan iyayenmu, da girmamawa, don na san wasunsu na saurare. Ba kowane tsoho ne dattijo ba, kuma yaran nan sun san haka. Suna ganin mai furfurar da ke raba musu kuɗi da ƙwaya lokacin zaɓe ya tura su tare hanya, nasa 'ya'yan suna makaranta a waje. Suna ganin wanda ke sahun gaba a masallaci amma ya danne gadon marayu. Suna ganin wanda ya saki uwarsu da yara biyar ya ƙaro amarya a watan. In irin wannan ya buɗe baki ya ce yaran zamani ba su da tarbiyya, yaro zai sunkuyar da kai don ladabi, amma a ransa dariya yake. Akwai kuma dattawan kirki na gaske waɗanda laifinsu ɗaya, ba sa buɗe ƙofa. Yaro ya zo kusa, abin da zai fara ji shi ne askinsa bai yi ba, wandonsa ya matse. Ana yawan ce mana abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na yarda. Amma Baba, in ka hango, ka kira shi kusa ka nuna masa mana. In kora ce kullum, zai tafi inda ake yi masa fara'a, kuma masu yi masa fara'ar kun san su.

Ku kuma samari, kar ku jira a zo a same ku. Ba zuwa za ka yi ka ce "Baba ina so ka zama abin koyina" ba, zai ɗauka ba ka da lafiya. Gaisuwa ce farko. Ka tsaya ka gaishe shi da kyau, ba kana tafiya kana ɗaga hannu ba. Ka tambaye shi abin da ya sani, sana'arsa, yadda unguwar take da, yadda ya yi ya fara. Ban taɓa ganin dattijon da aka tambaya labarin sana'arsa ya ƙi magana ba, sai dai ka gaji. Ka raka shi jana'iza, ka raka shi dubiya, ka riƙe masa jaka zuwa kasuwa. Sannan ka zuba ido. Yaya yake yi da yaron shagonsa? In an zo karɓar bashi, fitowa yake ko cewa yake a ce ba ya nan? Matarsa da 'ya'yansa, in ya shigo gida sakin jiki suke ko kowa ya kama kansa? Wata uku ya ishe ka ka san ko wurin zama ne.

Mu kuma da muka haura talatin, mu daina waige-waige muna neman manya, mu ne. Fiye da rabin mutanen Najeriya ba su kai shekara 20 ba. Dattawan ba za su isa ba ko sun so. Akwai ɗan shekara 14 a layinku da ya san irin takalmin da kake sawa da yadda kake amsa wayar mahaifiyarka, kai ko sunansa ba ka sani ba.

To, in koma kan Baba.

A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta yi wuya, ina da ɗan shagon POS. Kun tuna yadda aka yi, layi har titi, tiransifa na maƙalewa, alat ba ya shigowa sai bayan awanni. Saboda haka muna rubuta lambar wayar kowa a littafi. Wani bawan Allah, baƙo ne ba ɗan unguwa ba, ya zo karɓar dubu 20. Ya tura, na ba shi, ya tafi. Da dare ina lissafi sai na ga dubu 200 ya turo, sifili ɗaya ya ƙaru. A makon nan mai gidan haya ya ba ni wa'adi, matata kuma tana da tsohon ciki.

Ba zan yi muku ƙarya ba, kwana biyu kuɗin nan suna wurina. Na san hukuncin, na sha jin wa'azi a kai, ba jahilci ba ne. Har na fara ba kaina fatawa, wai aro ne, in abubuwa sun daidaita zan mayar. A dare na biyu na kasa barci, kuma abin da ya tsaya min a ido shi ne bayan Baba, yana tafe a gabana da leda a hannu, za mu gidan mai shadda. Da safe na buɗe littafi na kira mutumin. Ashe kuɗin cinikin hatsi ne na mutane, yana ta zuwa banki ana ce masa ya dawo. Da na ce masa kuɗinsa na wurina, shiru ya yi, sai na ji yana kuka. Ban gaya masa kwana biyu na yi ina shawara ba. Ku ne na fara gaya wa bayan matata.

Watan jiya na je gaida Baba. Ya daina ɗinki, ido ya yi rauni, ɗansa ne a shagon, an sa keken lantarki har da fanka. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labarin POS ɗin tun daga farko. Na ce, "Baba, shaddar nan da na ƙona ce ta hana ni cin kuɗin mutumin nan."

Ya yi shiru, ya juyo da kunnensa wajena, ya ce, "Wace shaddar?"

Na tuna masa, fara, ta Alhaji wane, saura kwana uku sallah. Ya girgiza kai ya ce shi bai tuna ba, yaran da suka zauna a shagonsa suna da yawa, kowa da irin ɓarnarsa. Sai ya tambaye ni ko yarinyar da aka haifa min ta fara tafiya, ya ce in kawo ta ya sa mata albarka. Ranar Juma'a za mu je in sha Allahu.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.